A Gyara Zariya Ta Zaunu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna Da Shugabannin Ƙananan Hukumomin Zariya Da Sabon Gari

Mai Girma Gwamna, da masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya yi muku jagora a kan amanar da kuka ɗauka, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na tsohon malamin makaranta wanda aka haifa a cikin birnin Zariya, ya yi aikinsa a nan har ya ajiye alli, yanzu kuma yake zaune a Tudun Jukun tare da iyalinsa. Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami ya faru ne a sallar da ta wuce, ranar Hawan Daushe, lokacin da wasu daga cikin tsofaffin ɗalibaina suka zo gaishe ni. A cikinsu akwai likita, akwai injiniyoyi, akwai mai harhaɗa magunguna, akwai kuma wanda ya yi nisa a kasuwancin hatsi. Dukkansu 'yan Zariya ne, a nan suka yi karatu tun daga allo har jami'a, amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar inda kowa ya ajiye iyalinsa, sai na ji Kaduna, Abuja, Kano, babu ko mutum guda da ya ce mini Zariya. Sun yi sallah, sun kalli hawa, washegari kowa ya kama hanya.

Ba na zarginsu, domin na san dalilansu, kuma dalilan nan su ne abin da nake so in shimfiɗa a gabanku.

Ranku ya daɗe, da wuya a sami gari a Arewa da Allah ya tara wa abin da ya tara wa Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, da harabarta ta Samaru da ta Kongo, da asibitin koyarwarta a Shika wanda marasa lafiya ke zuwa daga jihohi da dama. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama tana Palladan tun 1964. Barikin horar da sababbin sojoji ya kafu tun 1924, makarantar yaran soja kuma tun 1954. Kwalejin Barewa ta dawo nan a 1949. Ga cibiyar nazarin sufuri da ta nazarin sinadarai a hanyar Basawa, ga cibiyar fata a Samaru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya. Irin masara da wake da gyaɗa da manoman ƙasar nan ke shukawa da sunan SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka fito, haka ma kajin Shika Brown daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kowane ƙarshen wata, albashin dubban ma'aikata yana shigowa garin nan daga asusun tarayya da na jiha, kowane zangon karatu kuma iyaye daga ko'ina a Najeriya suna turo wa 'ya'yansu kuɗin abinci da na haya. Wasu garuruwan sai sun yi shekaru suna roƙo kafin a ba su ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi.

Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, a ina wannan kuɗi yake kwana? Idan malamin jami'a ya karɓi albashinsa ya gina gida a Hanwa ko a Zango, birkila ya samu, kafinta ya samu, mai sayar da bulo da mai walda sun samu, su kuma su kai wa mai kayan miya da tela da mai makarantar da 'ya'yansu ke zuwa, har naira ɗaya ta ratsa hannu biyar ko shida kafin ta fita gari. Idan kuwa ya ajiye iyalinsa a Kaduna, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 80 ba, ya riƙe ɗaki guda a nan yana kwana uku a mako, to Zariya ta ba shi aiki, Kaduna ta ci albashin. Haka ɗalibin da ya shekara huɗu ko biyar a Samaru, ya san gari, ya yi abokai, yana da sana'a a hannunsa: ranar da ya karɓi takardarsa ranar yake ɗaure kayansa. Mun zama gari mai renon mutane ya miƙa wa wasu garuruwa su mora. Wannan yoyo ne da ba a gani a kasafin kuɗi, amma a ganina ya fi rufewar kowace masana'anta yi mana illa, domin masana'anta sau ɗaya take rufewa, shi kuwa wannan kullum ne.

Na san gwamnati tana ƙoƙarin jawo masu zuba jari, kuma tun 2016 aka fara shirya babban taro a Kaduna domin haka. Ban raina wannan ƙoƙari ba. Amma bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wannan ɗalibi nawa mai cinikin hatsi ya taɓa zuwa da niyyar kafa ƙaramar masana'antar abincin kaji a wajen Dakace, tunda masara da waken soya suna kusa a Soba da Giwa da Maƙarfi, masana kuma suna Shika da Samaru. Na raka shi yawon duba wuri kwana biyu. Ban ji ya tambayi rangwamen haraji ko sau ɗaya ba. Abin da ya riƙa tambaya shi ne, shin famfo na kawo ruwa a unguwar? Mota za ta iya shiga layin a watan Agusta? Idan ya ɗauko ƙwararren manaja daga wani gari, a wace unguwa zai kama masa gida har matarsa ta yarda ta zauna, kuma wace makaranta 'ya'yansa za su shiga? Ma'aikatan dare za su iya komawa gida lafiya? Amsoshin da ya samu ba su gamsar da shi ba, ya kai jarinsa wani gari. Tun daga ranar na gane cewa mai jari ba ya rabuwa da tunanin magidanci, kuma garin da bai zaunu ga iyali ba, ba zai zaunu ga jari ba.

Zan fara da ruwa, domin shi ne ciwon da ya fi daɗewa a jikinmu. Tun ina saurayi ake maganar aikin ruwan Zariya. An gina madatsar Galma, an gina sabuwar matatar da aka ce za ta iya tace lita miliyan 150 a kowace rana, an ciwo bashi daga Bankin Raya Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi domin shimfiɗa bututu da gina tankuna, an yi bukukuwan buɗewa mun gani a talabijin. Duk da haka, a layinmu har yau ƙarar kurar 'yan ga-ruwa ce ke tashinmu da asuba, kuma magidanci yana lissafin jarkoki kamar yadda yake lissafin mudun shinkafa. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi tanki, ya sayi janareto ko sola domin jan ruwan, wato ya kashe a kan ruwan gidansa kaɗai abin da zai isa jarin buɗe shago. Ƙasar Zariya kuwa a kan dutse take, ba ko'ina ake samun ruwa mai yawa a ƙasa ba, shi ya sa rijiyoyi da dama ke ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. Mai gidan burodi, mai wanki da guga, mai abinci a bakin asibiti, marini, mai otal, kowannensu ruwa ne rabin sana'arsa, kuma kowannensu yana ɗora kuɗin ruwan a kan mai saye. Yarinyar da ta kwashe safiyarta a layin rijiya ta isa aji a makare, na gani shekara da shekaru daga gaban allo. Abin da nake roƙo a nan ba sabon aiki ba ne, tunda babban kuɗin an riga an kashe shi. A tabbatar wa matatar da wutar da ba ta yankewa da magungunan tace ruwa, a gyara bututun da masu aikin titi suka fasa, a kuma fito a gaya wa kowace unguwa ranakun da za ta riƙa samun ruwa, a cika alkawarin. Jama'ar da ke biyan ɗan ga-ruwa kullum ba za su ƙi biyan hukuma ba idan famfo ya kawo.

Ga ku shugabannin ƙananan hukumomi, akwai nauyin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora muku kai tsaye a jadawalinsa na huɗu: kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da bayan gida na jama'a, gyaran titunan unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, wuraren shaƙatawa, maƙabartu, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Duk abin da ke sa unguwa ta yi daɗin zama yana cikin wannan jeri. A da ana cewa kuɗin ba ya isowa hannunku, amma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka jama'a suna da hujjar tambayarku, ku ma kuna da hujjar neman haƙƙinku. Ku zaga Tudun Wada da Muciya da Cikaji da bayan kasuwar Sabon Gari bayan an ɗauke ruwan sama, ku ga yadda leda da robobi ke toshe kwalbati har ruwa ya koma cikin gidaje da shaguna. Ku dubi rafin Kubanni daga kan gada ku ga abin da muka mayar da shi. Kududdufan cikin birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu suka bar ramukan suna shanye ruwan damina, yau ana cike su da shara ana yanka su filaye, ruwan kuma dole ya nemi hanya, hanyar kuwa ita ce zauren maƙwabci. Inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, inda kwata ta haɗu da rijiya kuma amai da gudawa ba su da nisa. Kuɗin da magidanci zai ƙara a jarinsa ya tafi kantin magani.

Batun lambar gida da sunan titi wasu za su ɗauke shi ƙaramin abu. Amma matasanmu da ke sayar da huluna da turare da kayan ɗinki ta waya sun san wahalar kwatancen da ke farawa da "idan ka wuce taransifoma ta biyu", haka ma direban motar asibiti da ma'aikacin kashe gobara.

Mai Girma Gwamna, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda garin ke faɗaɗa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum fiye da 400,000, Sabon Gari kuma kusan 290,000, kuma kowa ya san abin da ya ƙaru tun daga lokacin. Gonakin da na sani a wajen Gwargwaje da Dambo da Dogarawa da Bomo duk sun zama gidaje. Yadda abin ke faruwa kuwa ɗaya ne: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka filaye, a bar ɗan lungun da mota biyu ba za su gifta juna ba, babu filin makaranta, babu na asibiti, babu maƙabarta, babu hanyar ruwa. Sai mutane sun zuba gumin shekaru sun yi gini sun tare, sannan jami'an tsara birane su zo da jan fenti, daga baya katafila ta biyo. Rusau yana cinye dukiyar talaka, yana kuma koya wa mai kuɗi cewa gini a garin nan kasada ne. Hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, da ta rajistar filaye, KADGIS, su riga dillali isa gona. A fitar da taswirar unguwa tun tana gona, a kafa duwatsun titi, a keɓe filayen jama'a a rubuta su da sunan hukuma, a kuma sauƙaƙa wa mutum samun takardar mallaka, domin da ita ce zai iya neman rance a banki. Abin takaici shi ne, a Samaru akwai sashen tsara birane da na zanen gine-gine da na injiniyan ruwa, ɗalibansu na rubuta bincike a kan unguwanninmu kowace shekara, binciken yana ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. Ban ga abin da zai hana gwamnati da jami'a su zauna su raba wa waɗannan ɗalibai unguwanni a ƙarƙashin malamansu ba.

Wuta da tsaro ba sai na tsawaita ba, kowa na ji a jikinsa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ana iya farawa da sola ta haɗin gwiwa a wuraren da masu sana'a suka taru, kamar layukan maɗinka da masu walda da masu injin niƙa, maimakon kowa ya ci gaba da ƙona fetur a janaretonsa tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021, da sace-sacen mutane a unguwannin bakin gari, sun sa iyalai da dama sun tashi, wasu iyayen kuma sun fasa turo 'ya'yansu karatu. Fitilar titi mai aiki, da 'yan sintirin unguwa da ake biya a kan lokaci a ƙarƙashin idon masu unguwanni da 'yan sanda, suna ƙara wa mai shago da mai shayi da mai Keke Napep awa uku ko huɗu na ciniki a kowane dare.

Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa, domin na san za a ce ana maganar ruwan sha wannan tsoho yana maganar itatuwa. Zan faɗa duk da haka. Zariya gari ne na rimi, har unguwanni suka ci sunansa, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Duk wanda ya shiga harabar Samaru da rana tsaka ya fito ya tsaya a bakin titi ya san bambancin wurin da aka dasa itace da wurin da aka sare. An faɗaɗa tituna, mun gode, amma itatuwan da aka sare ba a mayar da madadinsu ba, filayen ƙwallon unguwa kuma ɗaya bayan ɗaya suna zama shaguna. Yaron da ba shi da filin wasa, lungu ne zai rene shi, kuma mun san abin da ake sayarwa a lungu. Ganuwa tana zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. Ruftawar wani sashe na babban masallacin Juma'a a Agustan 2023, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya kusa shekara 200, wadda ta yi sanadin rasa rayukan masallata, Allah ya jiƙansu, ta isa ta nuna mana cewa tsohon gini ba ya jiran kasafin baɗi. Waɗannan wurare, da dutsen Kufena, da tsohuwar majami'ar Wusasa, da zaurukan da ake ɗinkin aska takwas da hannu, su ne abin da baƙo zai kwana domin ya gani. A yanzu baƙon yana zuwa taron yaye ɗalibai ko duba mara lafiya, ya juya a ranar, kuɗin masaukinsa da na abincinsa da na tsarabarsa su tafi wani wuri. A nan ina fata Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da masu unguwanni za a sa su a gaba, domin maganar ganuwa da kududdufi da filin unguwa ba ta yiwuwa sai da su.

Dalilin da ya sa nake ganin lokaci ya ƙure shi ne ayyukan da ke tafe. Ana shimfiɗa sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano wanda zai ratsa ta nan, bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano ma haka, ga aikin babbar hanyar Abuja zuwa Kano. Mutane suna murna, ni ma ina yi. Jirgin ƙasan da ya iso a 1911 shi ya haifi Sabon Gari, ya mai da Zariya mahaɗar auduga da gyaɗa. Sai dai hanya mai sauri kaifi biyu gare ta. Ranar da tafiya Kaduna ko Kano ta zama ta ɗan lokaci kaɗan cikin kwanciyar hankali, ma'aikacin da ke haƙuri da Zariya saboda wahalar hanya ba shi da sauran dalilin haƙuri, zai zo aiki da safe ya koma da yamma. Idan kuwa garin ya gyaru kafin lokacin, lissafin zai juya: wanda ke aiki a Kaduna zai iya zaɓar zama a nan, inda haya ta fi sauƙi, makarantu suka fi yawa, babban asibiti yake kusa. Jirgin zai ɗauki mutane ko ta wane hali, abin da ke hannunku shi ne inda za su kwana.

Ba zan zama mai adalci ba idan ban ambaci abin da aka yi ba. Gadar sama ta Ƙofar Doka da titunan da aka faɗaɗa da sabunta kasuwar Sabon Gari sun canza fuskar gari. Mu ma mazauna muna da namu laifin, mu ne ke zuba shara a lambatu da dare, mu ne ke tura katanga cikin titi da taku biyu, mu ne muka bar aikin gayyar yashe magudanai da iyayenmu ke yi kafin saukar damina. Amma jama'a na bin abin da suka ga hukuma ta ɗauka da muhimmanci, kuma mai shagon da ake karɓar haraji a hannunsa yana da haƙƙin ya ga motar shara a layinsa.

Roƙona na ƙarshe ya shafi yadda kuke aiki tare. A takarda Zariya da Sabon Gari ƙananan hukumomi biyu ne, amma ruwan Kubanni bai san iyaka ba, haka ma shara da ɓarawo da cunkoson Kwangila. Mutum yana kwana a Gyallesu, ya yi aiki a Samaru, ya yi cefane a Sabon Gari. Ina roƙon Mai Girma Gwamna ya haɗa shugabannin biyu da wakilan masarauta da na jami'a da na 'yan kasuwa da ƙungiyoyin unguwanni, mata da matasa a cikinsu, a zama guda kafin damina mai zuwa, su zaɓi unguwanni kaɗan da za a fara da su, a gama musu ruwa da magudanai da fitilu da lambar gida gaba ɗaya kafin a matsa gaba. A liƙa sunayen unguwannin da kuɗin da aka ware da ranar gamawa a ƙofar sakatariya, a karanta a rediyo da Hausa, domin kowa ya iya bibiya. Idan aka kira wannan zama, ni da sauran tsofaffin malamai na unguwarmu za mu zo da jerin kwalbatocin da suka toshe da bututun da suka fashe a layukanmu, mun riga mun fara rubutawa.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Jukun, Zariya.